Littafin Shehu Abdullahi ne, amma an rubuta "ba a yarda a buga ba": haƙƙin wa ke ciki?

Mu'azu Mai Ɗab'i:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga malamanmu da lauyoyinmu. Wata makarantar Islamiyya a Mabera, cikin Sakkwato, ta kawo min aiki, suna son in buga musu kwafi ɗari biyar na wani ƙaramin littafin Shehu Abdullahi na Gwandu domin ɗalibansu. Wanda suka ba ni in yi aiki da shi bugun 1998 ne. Wani malami ya yi masa tahƙiƙi, wato ya tantance ainihin rubutun mawallafin daga tsofaffin kwafin hannu, ya rubuta muƙaddima, ya sa bayanai a ƙasan shafuka, ya fitar da hadisan da ke ciki. A shafi na biyu an rubuta cewa haƙƙin mallaka na mai tahƙiƙin ne, ba a yarda a buga ko a ɗauki hoton wani sashe ba sai da izini a rubuce. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, Shehu Abdullahi ya rasu tun 1829. Yaya wanda ya zo bayan kusan shekara ɗari da saba'in zai ce littafin nasa ne? In buga ko in dakata?

Baba Liman:
Wa alaikumus salam. Mu'azu ɗana, buga abinka. Wanga shi na abin da Hausawa ka cewa rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Mujaddadi da ƙanenai da ɗanai ba su rubuta littattafansu don a kulle su ba. Mu da munka tashi cikin garin ga, littafi aro akai, ka kwafe da hannunka, ka mai da ma mai shi, ka yi mai addu'a. Ba mu taɓa jin an hana wani kwafar Ihya'us Sunna ko Infaƙul Maisuri ba. Kuma kun san hadisin wanda anka tambaya ilimi yaɓ ɓoye, da linzamin wuta da za a sa mai ranar ƙiyama. Ni abin ga yana ba ni tsoro ƙwarai.

Barista Hadiza:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Malam Mu'azu, ina roƙonka ka dakata kaɗan kafin ka ɗora takarda a inji, domin littafin da ke hannunka abu biyu ne aka ɗinke a bango ɗaya, kuma hukuncinsu a doka ba ɗaya ba ne.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka yi a 2022 aka sa mata hannu a Maris 2023, ta ce rubutaccen aiki yana da kariya tsawon rayuwar marubucin, sannan shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Da wa'adin ya cika, aikin ya zama na kowa da kowa. Shehu Usmanu ya rasu 1817, Shehu Abdullahi 1829, Sarkin Musulmi Bello 1837, Nana Asma'u 1864. Saboda haka duk kalmar da ta fito daga alƙalaminsu babu mahaluƙin da zai hana ka bugawa, ko jikansu ne, ko jami'a ce, ko gwamnati. A nan Baba yana kan gaskiya.

Amma muƙaddimar da malamin nan ya rubuta ba Shehu Abdullahi ne ya rubuta ta ba. Bayanan ƙasan shafi, da fitar da hadisai, da tarihin mawallafi, da fihirisa, da fassara idan akwai, duk sabon rubutu ne na mutumin da ya zauna ya yi su. Waɗannan suna da nasu wa'adin: rayuwarsa shi, da shekara 70 bayansa. Sabon bugu ba ya mayar da tsohon matani, wato ainihin rubutun mawallafi, mallakar wani, kariyarsa tana tsayawa ne a kan abin da aka ƙara. Idan ka ɗauki hoton littafin 1998 shafi-shafi ka buga, ka kwashi na Shehu Abdullahi wanda ya halatta maka, ka haɗa da na mai tahƙiƙi wanda bai halatta maka ba.

Mu'azu Mai Ɗab'i:
Na gode Barista. To amma shi ya rubuta "duk haƙƙi", bai ce muƙaddima da bayanai kaɗai ba.

Barista Hadiza:
Abin da mutum ya rubuta a shafi na biyu ba shi ke ba shi haƙƙi ba, doka ce ke bayarwa. Yana iya rubuta "duk", amma abin da zai iya tsayawa a kai gaban alƙali shi ne nasa. Haka kuma ko da bai rubuta komai ba, nasa yana nan da kariyarsa, domin ba a buƙatar rajista ko wata alama kafin haƙƙin ya tabbata. Yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka, wadda Najeriya ta shiga a 1993, ita ma haka ta tanada. Rajistar da ake yi a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka amfaninta shi ne ta zama shaida idan rigima ta taso.

Alhaji Garba Mai Littattafai:
Barista, ni ɗan kasuwa ne, bari in faɗi abin da nake gani a shago. Littafi guda zai zo min daga Kano ko daga Beirut, bana bangonsa kore, baɗi ja, an rubuta "sabon bugu, an gyara an ƙara", an sa sabuwar shekara da sabuwar lamba a baya. In na buɗe na gwada da tsohon, wallahi ko wasali bai canza ba. Irin wannan fa? Kowace shekara suka sake bango sun sake samun shekara saba'in kenan?

Barista Hadiza:
A'a Alhaji. Sake bugawa daban, gyaran littafi daban. Doka tana duba ko an yi wani ƙoƙari da ya ba aikin siffar da ta zama ta mai shi. Canza bango, ko ƙara girman haruffa, ko gyara kuskuren ɗab'i guda biyar, ba ya haifar da sabon haƙƙi a kan rubutun. Lambar da ke bayan littafi kuwa, a nan gida Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayar da ita, don a gane littafin a kasuwa ce kawai, ba ruwanta da wa'adi. Zanen bangon kansa, idan sabo ne, yana da kariyarsa a matsayin zane, amma bai shafi abin da ke ciki ba.

Shamsu:
Irin abin da ya faru a Amurka kenan da Mickey Mouse. Can tsofaffin ayyuka shekara 95 ake lissafa musu daga ranar fitowa. Zanen farko na 1928 ya zama na kowa a Janairun 2024, amma siffofin da kamfanin ya yi masa daga baya suna nan a hannunsu.

Barista Hadiza:
Haka ne Shamsu, ƙa'idar ɗaya ce ko da yake lissafin shekarunsu ya bambanta da namu.

Baba Liman:
Ɗiyata, na ji bayaninki, kuma na yarda mutum ba ya ɗaukar muƙaddimar wani ya sa sunanai. Wannan ko ba dokar Bature haramun na. Amma malamai nawa sunka yi sharhi da hashiya bisa Risala da Muhtasar, ba wanda yac ce a biya shi kafin a karanta? Aikin addini na, lada ta ga Allah.

Dakta Nasiru:
Allah gafarta Malam, ina neman izini in sa baki, domin wannan aikin shi ne sana'ata, kuma maganar ta taɓa ni.

Mutane da yawa suna zaton mai tahƙiƙi ɗaukar tsohon littafi yake yi ya ba mai kwamfuta ya buga, ya sa sunansa a bango. Akwai masu yin haka, kuma ba na kare su. Amma aikin gaskiya ba haka yake ba. Littattafan malaman jihadi da hannu aka riƙa kwafarsu, ɗalibi daga malami, shekara da shekaru. Kowane mai kwafa yana iya tsallake layi, ko ya karanta kalma ba daidai ba, ko ya shigar da bayanin gefe cikin matani yana zaton na mawallafi ne. Sai ka samu kwafi a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, wani a Arewa House a Kaduna, wani a Jami'ar Ibadan, wani a gafakar wani gida a Gwandu ko Wurno, kuma babu biyu da suka yi daidai ɗari bisa ɗari. Mai tahƙiƙi shi ne zai bi su, ya jera su, ya gwada kalma da kalma. Inda suka saɓa ya koma ga sauran littattafan mawallafin da waɗanda ya ciro daga cikinsu, har ya rinjayar da ɗaya, ya kuma rubuta a ƙasa abin da sauran suka ce don mai karatu ya yi nasa hukuncin. Wani lokaci ɗigo ɗaya a kan harafi shi ke raba halal da haram a jumla. Kuɗin mota da na masauki da na ɗaukar hoto duk daga aljihunsa suke fita, kuma aikin yakan ci shekaru.

Idan ya gama, ya ci bashi ya buga kwafi dubu, sai wani ya sayi guda ɗaya ya ɗauki hotonsa ya cika kasuwa da shi a rabin kuɗi, har ma a cire sunansa. Na ga malamin da aka yi wa haka, yana da littafi na biyu a hannu ya kusa gamawa, ya ajiye bai ƙara waiwayarsa ba. Wanda ya yi asara a nan ba shi kaɗai ba ne, har da ɗaliban da za su ci gaba da karanta matani mai kurakurai.

Game da karin maganar da Baba ya kawo, ni ina ganin mai tahƙiƙi ba gugan da ya hana ba ne. Rijiyar tana nan a buɗe, duk mai so ya zura nasa. Abin da ake cewa kawai shi ne kada a ƙwace ruwan da wani ya riga ya jawo ya tace.

Baba Liman:
Dakta, wahalarku ba mu raina ta ba. Amma hwaɗa min, in ka gyara kalma ka mai da ta yadda Shehu yar rubuta, kalmar taka ta ko ta Shehu?

Dakta Nasiru:
Ta Shehu ce, Allah gafarta Malam. Kuma wannan tambaya ita ce ta fi kowace nauyi a maganar nan. Burin mai tahƙiƙi shi ne kada a ga hannunsa a cikin matani ko kaɗan. Iya gwanintarsa iya yadda abin da ya fitar ya zama maganar mawallafi zalla. To da wane baki zai dawo ya ce matanin nasa ne? Ni a kaina ba na da'awar mallakar ko harafi ɗaya na Shehu Abdullahi. Abin da nake nema biyu ne: kada a ɗauki hoton shafukana a sayar, kuma duk wanda ya dogara da matanin da na tace ya faɗa a fili cewa daga nan ya ɗauko.

Barista Hadiza:
Baba ya sa yatsa daidai inda lauyoyi ke jayayya. Muƙaddima da sharhi da fassara babu gardama a kansu. Tataccen matani shi ne mai wuya, domin wani zai ce zaɓen da mai tahƙiƙi ya yi tsakanin kwafi da kwafi aikin ƙwaƙwalwarsa ne, wani ya ce ai dawo da maganar wani ya yi, bai ƙirƙiri komai ba. Wasu ƙasashe sun ware wa abin doka ta musamman don su huta da wannan gardama. A Jamus, bugun ilimi na tsohon littafin da wa'adinsa ya ƙare yana samun kariyar shekara 25. A Ingila, tsarin shafi da jerin haruffa na bugu yana da kariyar shekara 25 daga fitowarsa, ko da rubutun na kowa ne. Ku lura da gajartar wa'adin: sun yarda an yi wahala, amma ba su daidaita mai gyara da mawallafi ba. A wurinmu alƙali zai koma ne ga ma'aunin da na ambata, ya duba yawan ƙoƙarin da kuma ko ya ba aikin wata siffa tasa. Wanda ya gwada kwafi shida ya cike giɓi da hujja yana da abin faɗa fiye da wanda ya kwafe guda ɗaya ya sa aya da waƙafi.

Ta ɓangaren shari'a kuma, Baba ya fi ni sani, amma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a Disambar 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kiyaye, masu su na da ikon sarrafa su, kuma bai halatta a keta su ba.

Baba Liman:
Na san da wagga fatawa, kuma na san akwai malamman da ba su tahi bisa gare ta ba. Amma ba ni musun cewa marubuta na da can ana biyansu ladan hannu. Mahaifina ya biya anka rubuta mai Ashafa, da kuɗi da hatsi. In ladan wahala ta, ban da magana. Abin da ba ni yarda da shi, a ce yaro talaka ba ya karanta Shehu sai ya biya wani.

Dakta Nasiru:
A wannan muna tare, Allah gafarta Malam. Ɗalibin da ya ɗauki hoton wasu shafuka don karatunsa ba shi ne damuwata ba.

Barista Hadiza:
Doka ma ta bar ƙofa ga irin wannan: amfani na adalci don karatun kai, ko bincike, ko nazari da sharhi, tare da ambaton mai aikin. Sai dai kwafi ɗari biyar na littafi sukutum, da aka biya maɗaba'a ta buga, ya wuce wannan ƙofar. Kuma Malam Mu'azu ka sani, idan magana ta tashi ba makarantar kaɗai za a nema ba, har da wanda injinsa ya buga.

Mu'azu Mai Ɗab'i:
To na fahimta. Kenan in na samu tsohon kwafin hannu, na sa aka buga matanin a kwamfuta daga gare shi, ban taɓa muƙaddima da bayanan malamin ba, na fita?

Barista Hadiza:
Ka fita. Sai dai mai riƙe da kwafin hannun yana da ikon ya ba ka ko ya hana ka, domin takardar dukiyarsa ce ko da maganar da ke ciki ta kowa ce. Gidajen adana tarihi ma sukan sa sharuɗɗa kafin su ba da hoto, kuma in ka sa hannu sharaɗin ya hau kanka.

Baba Liman:
In don kwafin hannu na, hwaɗa min sunan littafin ta waya. In yana cikin na gidanmu, taho ka ɗauki hoto, ba ni son ko sisi.

Dakta Nasiru:
Allah ya saka wa Baba da alheri. Amma Malam Mu'azu, ga abin da ke damuna da wannan hanya. Ta kuɓutar da kai daga doka, amma tana iya mayar da yaran ga kurakuran da wancan malamin ya ɓata shekaru yana cirewa. Kwafi ɗaya, komai kyansa, kwafi ɗaya ne. Sannan mai buga Larabci a kwamfuta zai ƙara nasa kuskuren a kai idan ba a samu mai bi ba. Yara ɗari biyar za su haddace abin da aka ba su, wasunsu su karantar da shi nan gaba. Shawarata ita ce ka fara neman mai tahƙiƙin, ko magadansa idan ya rasu. Ka gaya musu makaranta ce, ga adadi, ga kuɗin da za a sayar wa ɗalibi. Yawancin malaman da na sani in aka zo musu ta ƙofa, aka bar sunansu a inda yake, ko dai su yafe ko su karɓi abu kaɗan. Abin da ke ƙona musu rai shi ne su tsinci aikinsu a kasuwa ba sallama. In an nema ba a dace ba, sai a koma ga kwafin Baba, a samu malami ya bi shi da kyau kafin a buga.

Alhaji Garba Mai Littattafai:
Wannan ita ce magana. Kuma a rubuta a takarda, ko da rabin shafi ne. Izinin baki shi ke kawo rigima bayan mutum ya kwanta dama, 'ya'ya su ce ba su san zancen ba.

Mu'azu Mai Ɗab'i:
In sha Allahu haka zan yi. Zan gaya wa shugaban makarantar su ƙara min lokaci.

Shamsu:
Barista, fassara fa? Ina nufin kamar littattafan jihadi da Turawa suka fassara, muna ganin ana yawo da su a waya.

Barista Hadiza:
Fassara aiki ne mai zaman kansa, wa'adinta na bin rayuwar mai fassarar. Misali, Tazyinul Waraƙat na Shehu Abdullahi na kowa ne, amma Mervyn Hiskett ya yi masa tahƙiƙi da fassarar Turanci aka buga a Ibadan a 1963. Hiskett ya rasu 1994, don haka a lissafin shekara 70 fassararsa na da kariya har ƙarshen 2064. Haka tarin ayyukan Nana Asma'u da Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar a 1997: waƙoƙin na Nana ne, kowa na iya bugawa, amma fassarar da bayanan nasu ne, kuma aikin haɗin gwiwa ana fara lissafinsa ne daga rasuwar na ƙarshe a cikin marubutan. Kai kuma babu abin da ya hana ka ka koma ga asalin Larabcin ko Fulatancin ka yi taka fassarar, ta zama taka.

Kada kuma a ɗauka duk littafin da ya tsufa a ido ya fita. Abubakar Imam ya rasu 1981, ayyukansa na da kariya har ƙarshen 2051 duk da cewa Magana Jari Ce ta fito tun shekarun 1930. Waziri Junaidu ya rasu 1997, nasa sai ƙarshen 2067. Shekarar rasuwa ake dubawa, ba shekarar bugu ba. Alhaji kuma, tunda ka ambaci littattafan Beirut, ƙasashe irin su Lebanon da Misira dokokinsu shekara 50 suke bayarwa bayan rasuwa, shi ne mafi ƙarancin abin da Yarjejeniyar Berne ta yarda da shi.

Malama Rabi:
Assalamu alaikum. Tun ɗazu nake bin maganar nan, kuma ta zo daidai da abin da ke damun gidanmu. Barista, ki taimaka min. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rubuta ɗan littafin koyar da ibada da Hausa, aka buga a 1978. Shi da kansa ya sake duba shi ya ƙara wasu abubuwa a 1985. Ya rasu 1990. A 2005 babban yayanmu ya sabunta shi, ya gyara rubutun ya dace da ƙa'idar yanzu, ya ƙara babi biyu a kan azumi da zakka, aka sa sunan Baba a sama, nasa a ƙasa. Tun daga lokacin duk abin da ya shigo shi ke karɓa, yana cewa tsohon bugun ya mutu, wanda ke kasuwa yanzu aikinsa ne. Mu mata ba mu taɓa cewa komai ba don kada zumunci ya ɓaci, amma abin yana cin raina, musamman da yake akwai ƙannenmu marayu da ke buƙata.

Barista Hadiza:
Wa alaikumus salam Anti Rabi. Allah ya jiƙan Baba. Bugun 1978 da na 1985 duk alƙalami ɗaya ne ya rubuta su, don haka wa'adinsu ɗaya: shekara 70 daga ƙarshen 1990, wato har ƙarshen 2060. Gyaran da marubuci ya yi wa littafinsa da kansa ba ya ƙara wa'adi kuma ba ya rage shi. Wannan haƙƙin dukiya ce da ya bari, ta magadansa ce gaba ɗaya, sai fa idan ya sayar ko ya miƙa wa kamfanin ɗab'i a rubuce tun yana raye.

Babi biyun da yayanku ya rubuta nasa ne, ba mai ƙwace masa. Amma ƙara babi biyu bai mayar da sauran littafin nasa ba, kuma daina buga tsohon bugu bai kashe haƙƙin da ke cikinsa ba, tunda rubutun Baba ne dai ake sayarwa a cikin sabon. Gyaran ƙa'idar rubutu shi kaɗai da wuya ya ba shi wani haƙƙi a kan maganar mahaifinku. Hasali ma, tunda littafin na cikin wa'adinsa, sabunta shi a 2005 na buƙatar yardar masu haƙƙin, wato ku duka. Nan ne ya bambanta da na Shehu Abdullahi, inda mai tahƙiƙi ba ya neman izinin kowa.

Abu na farko da za ki nema shi ne takardar yarjejeniyar da Baba ya yi da waɗanda suka fara buga masa, da wadda yayanku ya sa wa hannu a 2005. Su za su nuna abin da aka miƙa da abin da ya rage a gida.

Malama Rabi:
Takardun Baba suna cikin akwatinsa a wurin Inna, zan duba. Amma gaskiya ba na son mu kai ga kotu da ɗan'uwana.

Dakta Nasiru:
Ba sai an kai can ba, Malama. A ƙirga shafukan Baba da na yayanku, a duba da idon adalci, a ware masa kason wahalarsa har da ta kula da littafin da ya yi shekarun nan, domin ba don shi ba wataƙila da littafin ya ɓace daga kasuwa.

Baba Liman:
Rabi ɗiyata, wagga ba ta buƙatar lauya, da izinin Barista. In dai abin ga dukiya na, kamar yadda anka ce, to hukuncin gado ya hau kanai. Ku samu kawunku ko wani babba da yayanku ka jin nauyi, a zauna cikin gida. A fitar mai da rabon babi biyu da ladan ɗawainiya, abin da yar rage a raba shi yadda anka raba gida da gona, mahaifiyarku ta ɗauki tumuninta, marayu a ba su nasu. Abin da yac ci a baya kuwa, in kun yahe mai kun kyauta, amma rabon marayu ba ku da ikon yahewa, sai ya biya.